Baƙar Ayaba da Ƙyallen Shadda

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, har da ku mazan da ke laɓewa kuna karantawa sannan ku ce ba kwa karanta irin wannan. Na ga saƙonninku masu tambayar ko lafiya na yi shiru. Lafiya lau. Sai dai abin da ya same ni kwanan nan, da wata ce ta ba ni labarinsa da na ce ta ƙara gishiri. Ayaba ce take neman raba ni da 'yata. Ayaba dai da kuka sani, wadda ake ɓarewa a ci.

Ga wadda yau ta fara shigowa, Rauda nake, a garin Kura. Mijina Fatihu ya rasu 'yarmu Mubina tana rarrafe, na dawo gaban Ummata, yanzu ga yarinya har ta fara zuwa islamiyya da ɗan hijabinta mai jan ƙasa. Sana'ata kek da fanke, ina yi wa masu suna da walima, ina kuma aikawa shaguna biyu a bakin titi.

Tun da na fita takaba Baffa Sada, yayan marigayi da ke Bunkure, ya faɗi magana ɗaya bai sake ta ba. Mutumin kirki ne, kada wadda ta zage shi a ƙasan rubutun nan. Duk kaka sai ya aiko mana da shinkafar gonarsa, duk sallah da atamfar Mubina. Ya ce ya bar min yarinyar muddin ina gidanmu. Ranar da zan yi aure kuwa, ba zai yarda 'yar ƙaninsa ta je ta zama agola a inda ba a so ta ba. Sharaɗinsa shi ne babbar gidan, wato uwar mijin, ta tako da ƙafarta ta ce da bakinta tana son yarinyar. Ya ce namiji lokacin zawarci babu abin da ba zai ce ya yarda ba, amma da matan gida yarinya take wuni.

Wannan sharaɗi shi ya kori duk waɗanda suka zo. Wasu ni na kore su tun kafin a kai ga iyayensu mata, don daga yadda mutum ya kalli Mubina in ta shigo zaure nake gane komai. Gwaggo Murja, yayar Babanmu, har ta gaji da ni. Duk zuwan da za ta yi sai ta zauna a kan turmi ta lissafo min zawarawan unguwa da suka bar 'ya'yansu a dangin uba suka yi aurensu, babu wanda ya mutu. Ni dai in sunkuyar da kai in ci gaba da kaɗa ƙwaina. Yarinyar da ta yi doguwar jinya bayan yaye, ta zama ba ta karɓar abinci sai da dabara, wa zai zauna ya yi mata dabarar nan in ba ni ba?

Sai Allah ya kawo Mudassiru.

Shagon ɗinkin ƙanina Nasiru a jikin zaurenmu yake, a nan Mudassiru yake kawo ɗinkinsa. Sana'arsa lodin tumatir. Ya saya a gonakin Kadawa, ya cika mota ya yi kudu, in zai dawo kuma ba ya barin motar ta taho fanko, sai ya ɗoro ayaba. To kun san ayaba da zafin hanya. Kafin a iso gida wata ta nuna ta wuce misali, ɓawon ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, 'yan kasuwa ba sa ko kallonta. Wata rana ya turo Nasiru cikin gida da kwando guda, wai a ba awaki. Na duba kwandon nan, na yafa mayafi na fito har zaure.

"Malam, wannan ce ta awaki?"

Ya miƙe tsaye da sauri har hularsa tana neman faɗuwa, ya fara ba da haƙuri, ya ɗauka raini na gani. Na koma ciki na ɗauki kwandon. Washegari na aika masa da kek a ƙaramar kula. Nasiru ya ce mutumin ya ci ɗaya, ya ci na biyu, sannan ya ce tun da yake bai taɓa ganin asararsa ta dawo masa tana ƙamshi ba.

Daga nan aka fara. Mutum ne mara yawan magana, dogo, mai fari a gefen gemu tun bai kai shekarun ba. Abin da ya fara kama zuciyata ba kalamai ba ne. Ranar da ya fara zuwa zance, Mubina ta biyo ni zaure ta maƙale a bayana. Bai miƙa mata alewa ba, bai ce zo nan 'yar Baba ba kamar yadda sauran suke yi. Takalminta ya gani ta sa a juye, ya durƙusa ya ce mata ƙafafun nan sun yi faɗa ne, kowace ta juya wa 'yar uwarta baya? Ta yi dariya ta miƙa masa ƙafa. Ni kuwa na juya kai ina gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Da yawanku kun sha tambayata yadda nake ajiye ayabar, to bari in faɗa a nan, don labarin ma a kanta yake tafiya. Ayabar da ta yi laushi har tana neman narkewa ita ce ta kek. Zaƙinta ya gama fitowa, sukari kaɗan za ki sa. Ki ɓare ta, ki yanyanka, ki jera a tire kada su taɓa juna, ki sa a firiza su daskare, sannan ki kwashe ki zuba a leda. Ta haka in kin tashi amfani za ki ɗebi iya wadda kike so, ba za su dunƙule ba. Babban abin lura shi ne iska. In kika bar iska a ledar, ƙanƙara za ta hau jikin ayabar ta ɓata ɗanɗanon. Ni sai in tattara bakin ledar, in kafa bakina in zuƙe iskar tas, in murɗe, in ɗaure. Ƙulli uku nake yi, haka hannuna ya saba tun ina ɗaure wa Umma ledar kuka da kuɓewa. Za ta yi miki watanni. Ki sa a kek, ki sa a ƙullin fanke, ki dama a kunun yaro. Da ita na samu kan Mubina, har kumatu ta yi.

Ku riƙe zuƙar iskar nan da ƙulli ukun, za ku ji inda suka kai ni.

Matsalata ɗaya ita ce wuta. Ƙaramin firjinmu sai ya wuni ya kwana a kashe, in buɗe in tarar da wahalata ta zama ruwa. Ban taɓa yi wa Mudassiru ƙorafi ba, Nasiru ne da bakinsa da ba ya riƙe magana. Sai ga saƙo:

"Maman Mubina, akwai firizar sola a gidanmu, Inna tana ƙanƙarar zoɓo da kunun aya. Na yi mata magana, ta ce akwai wuri a ƙasa. Ki riƙa ɗaurewa ina kaiwa."

Na rubuta masa cewa ina jin nauyi, a ce tun ba a kai ko'ina ba kayana sun riga ni shiga gidan. Ya turo: "To su fara saba miki da wurin."

Haka muka yi ta yi. Ya kawo nunanniya, in gyara, ya kai, in ina da aiki ya ɗauko min. Mahaifiyarsa Inna Kubra ban taɓa zama da ita ba, sai hange a wajen biki. Na dai san ita ce mai maganar da rayuwata ta rataya a kai, kuma Mudassiru ya ce yana lallaɓa ta a hankali, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shi ne autanta, Auta ma take kiransa.

Ranar da abin ya samo asali, Mubina ta tashi da zazzaɓi, jikinta kamar garwashi. Ina shirin kai ta asibiti sai ga kwandon ayaba, wadda in ta ƙara wuni ɗaya sai dai awakin da gaske. Babu lokacin ɓarewa balle jerawa a tire. Na kwashe ta da ɓawonta na zuba a manyan ledoji. Ana yin haka, ba ta lalacewa, ɓawon ne kawai zai yi baƙi ƙirin kamar gawayi, cikin kuwa lafiyarsa lau. Robar ɗauri ta ƙare, na leƙa shagon Nasiru na kwaso ƙyallayen da ya share.

A cikin ayabar akwai wasu 'yan gajeru masu ƙamshi, waɗanda Mudassiru ya taɓa cewa ya fi so. Na ware su a leda daban, na ce in ya dawo daga tafiya zan yi masa kek nasa shi kaɗai. A cikin ƙyallayen kuma na hango wata shadda ruwan makuba, ragowar ɗinkin sallarsa. Ba sai na ce muku komai ba. Hannuna ne ya je kanta.

Ina tsugune a tsakar gida, na kafa baki a ledar, na runtse ido ina zuƙa, sai na ji sallama. Yaya Barira ce, yayar Mudassiru, cikin leshi ruwan goro da gwaggwaro, wai ta zo tambayar kuɗin kek na walimar wata ƙawarta. Kowa ya san ni ta zo gani. Na amsa sallamar da hannu don kada iskar ta koma, na murɗe, na ɗauki ƙyallen na ƙulla ɗaya, biyu, uku, sannan na tashi na gaishe ta. Na ga tana ta kallon hannuna. Na ɗauka lallen da ya fara gogewa take kallo, har na ji kunya na ɓoye shi a hijabi. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa, ta ce sai ta sake dawowa. Hankalina yana kan yarinya, ban kawo komai ba.

Mubina ta warke. Mudassiru ya yi lodi ya tafi. Ni har na manta da ledar nan.

Shekaranjiya da hantsi ina tankaɗe fulawa wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, hoto. Na buɗe. Leda ce a kan tabarma, cike da wasu baƙaƙen abubuwa dogaye masu lanƙwasa, ƙanƙara ta yi musu fari-fari, ga ƙyallen makuba da ƙullinsa uku. Wallahi ni da na ɗaure ta sai da gabana ya faɗi, don a hoto ba ta yi kama da abin ci ba ko kaɗan. Sai ga saƙon murya ya biyo baya. Yaya Barira ce. Ta ce ta je neman ƙanƙara a ƙasan firiza Allah ya tona asirina. Ta ce da idonta ta gan ni ina tofi a ledar nan ido a rufe, da idonta ta ga na ƙulla tufar ƙaninta sau uku, aka kai aka binne a sanyi don a daskarar masa da zuciya, shi ya sa yaro ba ya ji ba ya gani sai bazawara mai 'ya. Ta ce shaddar nan Inna ce ta saya masa da kuɗin zoɓonta. Ta rufe da cewa in jira, za a kai wa malam ya karya.

Na zauna daɓas a kan buhun fulawa. Na kira ta, ta kashe. Na rubuta mata cewa ayaba ce, ta buɗe ta sansana. Ta amsa da kalma huɗu: "Allah ya tsari hannuna."

Umma ta saurari muryar sau biyu, ta ajiye wayar a hankali ta ce in yi alwala in yi nafila, gaskiya ba ta buƙatar ihu. Kafin azahar Gwaggo Murja ta iso, ban san wa ya kai mata ba. Ta zauna a turminta ta ce ai ga irinta nan, da na miƙa yarinyar tun farko na yi aurena kamar kowa, da ba a kai ga ajiye kaya a gidan surukai ba. Ta ce yanzu wace uwa ce za ta taka zuwa Bunkure saboda matar da ake cewa ta ƙulle mata ɗa? Maganar ta yi min zafi saboda gaskiya ce. Na kalli Mubina tana wasa da murfin kwalba a gindin rijiya, ba ta san ana yanka rayuwarta ana rabawa ba.

Mudassiru yana hanya, inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Na rubuta masa dogon bayani na goge, na sake rubutawa na goge. Da yamma nasa ya shigo:

"An turo min hoto. 'Yan gajerun nan ne ko? Kada ki bari a zubar min da su."

Na karanta na kifa fuskata a cinya. Bai ce rantse ba. Bai ce yi min bayani ba. Mutum yana can cikin ƙurar hanya, danginsa suna ta kiransa suna cewa an gama da shi, shi kuwa kek ɗinsa yake tunawa. Na rubuta masa: "Inna fa?" Aka daɗe kafin amsa ta zo: "Ta ce in yi shiru in tuƙa motata. Ban san me za ta yi ba. Amma ita ba ta yanke hukunci a kan abin da ba ta taɓa da hannunta ba."

Jiya babu wanda ya zo, babu wanda ya kira. Na yi aikina kamar wadda aka zare wa laka.

Yau da safe, na gama yi wa Mubina wanka ina shafa mata mai, sai muka ji adaidaita ya tsaya a ƙofar gida. Sallama ɗaya, murya a ƙasa. Inna Kubra ce, dattijuwa gajera, cikin atamfa shuɗiya da ta sha wanki da farin mayafi mai kauri, yatsunta sun rine da jan zoɓo. A hannunta kula ce, ita ta ɗauko da kanta. Umma ta shimfiɗa mata darduma, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi rani, aka tambayi ruwan kanal da bana ya yi jinkirin sakowa. Ni ina durƙushe a gefe. Sai da aka gama duk wannan ta jawo kular ta buɗe, ta fito da ledar ta ajiye a tsakaninmu. Ta riga ta saki, baƙin ruwa ya taru a ƙasanta.

"Ga kayanki," in ji ta. "An ce in kai wa malam. Na ce bari in fara kai wa mai shi. Abin da kika yi niyyar yi da shi, tashi ki yi ina kallo."

Ban taɓa jin hukunci mai adalci irin wannan ba. Na matso na kama ƙullin farko. Ƙyallen ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, har sai da na sa haƙori. Ba ta taya ni ba, ba ta kuma kawar da ido ba. Da na buɗe, na ɗauki guda ɗaya, na yanke kanta da wuƙa, na matse daga ƙasa. Cikin ya sulɓo cikin kwano, laushi kamar zuma mai kauri. Ƙamshi ya tashi ya cika tsakar gidan. Na ga hancin Inna ya motsa, amma fuskarta ba ta canja ba.

Na matse sauran na bar guda biyu, na dama da cokali mai yatsu, har da baƙin ruwan na juye, don a nan rabin zaƙin yake. Na fasa ƙwai, na zuba mai, fulawa, ɗan bekin foda, gyaɗar ƙamshi da gishiri ɗan kaɗan. Na raba ƙullin biyu. Rabi na zuba a gwangwanaye na jera a tukunyar yashi, na rufe na ɗora garwashi a murfin. Rabin na sassauta shi na ɗora kasko. Tana ta tambaya jefi-jefi, irin tambayar mai sana'a: me ya sa ban sa sukari da yawa ba, wata nawa take yi ba ta canja ba, ko za ta shiga kunun aya. Na ce tana shiga, har ma ba sai an sa dabino da yawa ba. Ta ce uhm, kamar mai ajiye maganar a wani wuri.

Fanken farko na fita Mubina ta taho da gudu da ɗan farantinta na roba, don ta san ƙamshin nata ne. Inna ta tare ta da hannu a hankali.

"Tsaya, ƙawata. Bari tsohuwa ta fara. In da wani abu a ciki, ya fara da ni."

Ta yi bismilla ta gutsura. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta zauna kamar mai jiran wani abu ya faru. Umma ta daina jan carbi. Sai ta ƙara gutsura. Sannan ta ɓalli gefen da ya huce, ta hura, ta sa wa Mubina a baki da hannunta. Yarinyar da ba ta karɓar abu a hannun baƙo ta buɗe baki ta karɓa, ta kuma matsa ta jingina da gwiwarta tana jiran wani.

Inna ta ce in nuna mata tofin. Na ɗauko leda na zuba ɓawon, na kafa baki na zuƙe har ledar ta manne. A nan ne dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Ta ce Barira tun tana 'yar mitsitsiya take hura mata ledar zoɓo kafin a ɗura, shekara da shekaru, ba ta taɓa cewa tofi take yi wa mutanen Kura ba. Ashe mai hurawa ce ba ta gane mai zuƙa ba.

Na fara samun numfashi. Sai ta ɗaga ƙyallen makuba da yatsu biyu.

"To wannan fa? Duk ƙyallayen da ke shagon ƙaninki?"

'Yan uwa, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ga Umma a zaune. Na ce robar ɗauri ce ta ƙare. Ta ce ta ji, amma sauran ledojin da farin yadi aka ɗaure su. Na sunkuyar da kai har haɓata tana taɓa ƙirji, na ce da wata murya da ni ma ban san ta ba, irin wadda yake so ce, na ware masa, na sa alama don kada ta haɗu da ta sayarwa.

Umma ta tashi wai za ta duba awaki. Inna ta daɗe tana kallon ƙyallen, sannan ta ninke shi ta miƙo min.

"Riƙe abinki. Wannan kam babu malamin da zai karya shi."

Ta ɗaga murya kaɗan ta ce Nasiru ya leƙa adaidaita ya ce da Barira ta shigo. Ashe tun ɗazu tana waje, ta rantse ba za ta taka gidanmu ba. Ta shigo tana ɗauke kai, ta tsaya daga bakin zaure. Inna ba ta yi mata faɗa a gabanmu ba, kuma wannan ma ya ƙara mata girma a idona. Faranti kawai ta tura mata ta ce ci. Yaya Barira ta kalli baƙin ɓawon da ke kwano, ta kalli fanken, ta kalli uwarta da ke tauna. Ta ɗauka da 'yan yatsu kamar zai cije ta. Bayan loma ta biyu ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, gishirin ya ɗan yi kaɗan. Na ce na gode Yaya, zan gyara. A wurin irinsu wannan ban haƙuri ne, kuma na karɓa.

Ina sauke tukunyar kek wayata ta yi ƙara a kan taga. Da na ga sunan sai da na dafa bango. Baffa Sada. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wani hoto ya iso wayar matarsa daga wani gurup na matan biki, da sunana a ƙasa. Ya ce ba ya cewa na yi, ba ya cewa ban yi ba, amma 'yar ƙaninsa ba za ta zauna a tsakiyar maganar asiri ba. Bayan la'asar zai zo ya tafi da ita Bunkure har ƙura ta lafa. Ya kashe kafin in haɗa kalma biyu.

Kun san irin wannan tafiyar. Yaro in ya tafi har ƙura ta lafa, sai a sa shi makaranta a can, sai a ce bari a gama zango, sai ya zama ɗan can.

Wayar a lasifika take, kowa ya ji. Yaya Barira ta ajiye fanken da ke hannunta, ta fara cewa ita mutum uku kawai ta tura wa. Inna ta ɗaga mata hannu ta katse ta. Ta juyo ta tambayi Umma ko shi ne mai sharaɗin nan da Auta ya gaya mata. Umma ta ce shi ne. Inna ta gyaɗa kai, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta karkaɗe mayafinta.

Ta ce babba kamarsa ba zai taso saboda ɓarnar da aka yi daga gidanta ba, ita za ta je ta same shi kafin ya sa takalmi. Ta ce in jera kek ɗin a kula, in sa sauran baƙar ayabar guda biyu a gefe da ɓawonsu, Barira ce za ta riƙe kular a cinyarta har Bunkure, kuma ita za ta matse su a gaban matar gidan da hannunta. Umma ta shiga ɗaki ta ɗauko hijabi ta ce ba za a bar baƙuwa ta nemi gida ita kaɗai ba. Na juya zan ɗauko nawa.

"Ke zauna," in ji Inna. "Ba a zuwa da mai magana wajen maganarta. Amma yarinyar zan tafi da ita. Mutumin nan cewa ya yi in faɗa da bakina. Baki kowa yana da shi. Gara ya gan ta a cinyata."

Tun da aka haifi Mubina ba ta taɓa fita garin nan ba sai tare da ni. Kuma inda za a kai ta, can ne inda ake son riƙe ta. In Baffa Sada ya ce a bar ta, an kai masa ita har gida ke nan, da hannuna na shirya ta. Duk wannan ya zo min a lokaci ɗaya. Na kalli tsohuwar nan da ta ɗauko kula da kanta, ta ci abin da aka ce mata sihiri ne kafin ta bari ya shiga bakin 'yata.

Na shiga ɗaki na sa wa Mubina 'yar rigarta ruwan hoda da hijabin islamiyya. Na duba takalmanta, ta sa su a juye, na gyara. Na fara gaya wa Inna cewa ba ta shan ruwan randa, kuma in mota ta yi gudu tana amai, kuma in ta fara murza kunne barci take ji. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, ta ce ta raini bakwai, amma ta ji, kuma za ta kiyaye.

A bakin zaure yatsun Mubina suna cikin nawa. Inna ta miƙo hannunta mai jan zoɓo, ba ta ja ba, ta tsaya kawai tana jira. Ni na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Na tsaya ina kallon adaidaitan har ya sha kwanar kanal, farin mayafi a tsakiya, ɗan hijabi a kan cinyarsa. Yanzu ina zaune a kan buhun fulawa ina rubuta muku wannan da hannu ɗaya. Ɗayan hannun yana riƙe da ƙyallen makuba, har yanzu da danshinsa. An kira la'asar a masallacin unguwa. Wayar tana kan gwiwata, na ƙure mata ƙara.